Auna Dansitin Ruwa Mai Danƙo: Inda Na'urar Bututu Take Kuskure da Yadda Za a Kama Shi

Na'urar auna dansiti ta zamani tana fitar da lamba mai gurbi huɗu ko biyar bayan ɗigo, kuma in aka maimaita awon sau uku sai ta dawo da lambar nan ba canji. Wannan tsayuwar ce take sa ma'aikacin ɗakin gwaji ya saki jiki. A kan ruwa, fetur, kananzir ko ruwan sukari, sakin jikin yana kan hanya. A kan sabulun ruwa, shamfu, yogot, fenti, ruwan zantan (garin ƙara kauri) ko ruwan folima (sinadari mai dogayen zaruruwa) da ake turawa rijiyar mai, lambar tana iya tsayawa cak alhali ta kauce wa gaskiya, kuma na'urar ba za ta nuna alamar komai ba.

Dansiti shi ne nauyin da ke cikin kowane santimita kiyub na abu. Ruwa mai tsabta a zafin 20 °C yana da 0.99820 g/cm³. Kauri shi ne tirjiyar da ruwa yake yi idan ana son ya gudana: a ma'aunin kauri na mPa·s, na ruwan sha kusan 1 ne, na gilisarin tsantsa ya ɗan haura 1,400, na zuma dubbai. Danƙo hali ne daban. Ruwa mai danƙo idan aka ja shi yakan ja baya, yana neman komawa yadda yake, kamar yadda miyar kuɓewa take bin ludayi sannan ta tsinke ta koma tukunya. Ruwan da ya haɗa kauri da danƙo shi ne abin da wannan jagora ta tsaya a kansa.

Abin da bututun yake aunawa

Cikin na'urar akwai ƙaramin bututu mai siffar U, galibi na gilashin borosiliket, wanda yake ɗaukar kamar mililita 1. Ana sa shi karkarwa, na'urar kuma tana ƙirga tsawon lokacin zagaye ɗaya. Idan abin da ke ciki ya yi nauyi, karkarwar takan yi jinkiri. Lissafin shi ne ρ = A·τ² − B, inda ρ yake dansiti, τ yake lokacin zagaye ɗaya, A da B kuma ana samo su ta hanyar saita na'urar da iska da ruwa mai tsabta. A birnin Graz na Ostiriya aka samar da wannan dabara a shekarun 1960, daga aikin Hans Stabinger da Hans Leopold a cibiyar Otto Kratky, kuma kamfanin Anton Paar ya fito da na'urar farko a 1967. Yau ƙa'idoji irin su ASTM D4052 da ISO 12185 na man fetur a kanta suka dogara.

Lissafin ya ginu a kan zato guda: cewa ruwan nauyi ne kawai aka ɗora wa bututun, ba ya ƙara masa ƙarfi, ba ya shan kuzarinsa. Iska da ruwan sha sun kusa cika wannan sharaɗi. Ruwa mai kauri bai cika ba.

Idan bangon bututu ya motsa, yana jan wani siririn sashe na ruwan da ke manne da shi. Zurfin wannan sashe ana samunsa da δ = √(2η/ρω), inda η yake kauri, ω kuma yake 2π sau yawan karkarwa a daƙiƙa. A ce bututun yana karkarwa sau 300 a daƙiƙa. A ruwan sha, δ kusan milimita 0.03 ne kawai. A ruwa mai kaurin 1,000 mPa·s ya kai kusan milimita 1, wato ya isa tsakiyar bututu mai faɗin milimita 2. Abu biyu ke biyo baya: dansitin da aka karanta yakan haura na gaskiya, karkarwar kuma takan yi saurin dusashewa. Ƙiyasin da aka saba amfani da shi shi ne kuskuren ya kai kamar 0.05 sau √η a ma'aunin kg/m³. Kaurin 100 mPa·s ke nan zai kawo kusan 0.5 kg/m³, wato 0.0005 g/cm³. Kuskuren ba ya ta hawa har abada; idan kauri ya kai ɗaruruwa, ruwan duka yana tafiya tare da bango kamar dunƙule ɗaya, sai kuskuren ya tsaya a ƙasa da 1 kg/m³, gwargwadon ƙirar bututun.

Masu ƙera na'ura sun magance wannan da kyau. Na'urar tana auna yadda karkarwar take dusashewa, wasu kuma suna ƙara kaɗa bututun a wani mataki na sama, daga nan ta ƙiyasta kaurin ta cire kuskuren. Amma jadawalin gyaran da mayuka marasa danƙo aka gina shi, waɗanda kaurinsu lamba ɗaya ce ko a hankali aka motsa su ko da sauri. Matsalar tana nan.

Yadda danƙo yake rikita gyaran

Ruwa mai danƙo yana da lokacin hucewa, λ, wato lokacin da zaruruwan folimarsa suke ɗauka kafin su saki jan da aka yi musu. Idan aka ninka λ da ω ana samun lambar Deborah. In ta yi ƙasa da 1 sosai, abin yana nuna halin ruwa. In ta haura 1, yana nuna halin roba. A bututu mai 300 Hz, wato karkarwa 300 a daƙiƙa, ω ya kusa 1,900 a daƙiƙa. Ruwan da lokacin hucewarsa kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ne kacal zai ba da lamba 19. Abin da yake zuba daga kwalba salin-alin, a idon bututun ya zama kamar jeli.

Daga nan kuskure yake shigowa ta ƙofa uku. Ta farko, sashen danƙo ba ya cinye kuzarin karkarwa, ajiye shi yake yi ya mayar. Dusashewar da na'ura take gani ba ta dace da yawan ruwan da bangon yake ja ba, don haka adadin da za ta cire ba shi ne ya kamata ba. Ta biyu, danƙon yana iya ƙara wa bututun ɗan ƙarfi, bututu mai ƙarfi kuma ya fi saurin karkarwa, wanda na'ura za ta fassara da cewa ruwan ya fi sauƙi. Ta uku, yawancin irin waɗannan ruwaye kaurinsu yana raguwa idan aka motsa su da sauri. Ruwan zantan na kashi 0.5 cikin ɗari yana iya nuna dubban mPa·s a biskomita, na'urar auna kauri, mai juyawa a hankali, amma a saurin bututun kaurinsa ya faɗi warwas. Wanda ya ɗauki lambar biskomitar ya saka ta cikin ƙiyasin 0.05√η da hannu zai cire fiye da kima.

Saboda waɗannan abubuwa suna ja ta fuskoki daban, ba a iya cewa kullum lambar sama take yi ko ƙasa. Ya danganta da ruwan, da zafinsa, da saurin bututun. Na'urori biyu masu kyau, ɗaya mai bututun gilashi da ke karkarwa a ɗaruruwan Hz, ɗaya mai bututun ƙarfe da ke kaiwa dubbai, suna iya yin daidai a kan mai, su saɓa a kan shamfu. Cibiyoyin awo na Turai sun ɗauki batun da muhimmanci har suka sa shi cikin aikin bincike kan auna dansitin ruwaye mai suna rhoLiq da aka fara a 2018.

Mataki na 1: Tantance ko kuskuren ya dame ka

Kafin komai, rubuta iyakar kuskuren da aikinka zai iya ɗauka. Mai cika kwalaben sabulun ruwa da ke son ya mayar da lita zuwa kilo, 0.001 g/cm³ ya ishe shi, kuma danƙo da wuya ya hana shi barci. Mai gano yawan sinadari daga dansiti lamarinsa daban ne: a ruwan sukari, digirin Brix ɗaya, ma'aunin yawan sukari, daidai yake da kusan 0.004 g/cm³, ke nan kuskuren 0.0004 ya ci kashi ɗaya cikin goma na digiri. A tanka mai lita 30,000, kuskuren 0.0005 g/cm³ kilo 15 ne. Idan bukatarka ta kai gurbi na huɗu, bi sauran matakan duka.

Mataki na 2: Gane halin ruwan

Ɗiga kaɗan tsakanin farantan gilashi biyu ka raba su. Zaren da ya daɗe bai tsinke ba, in ya tsinke kuma ya ja baya, alamar danƙo ce. Zuma ma tana yin zare, amma nata sirancewa yake yi ya zube, ba ya ja da baya. Juya ruwan a kofin gwaji ka tsaya farat ɗaya: idan ƙananan ƙwayoyin iska da ke ciki suka ɗan koma baya, akwai danƙo. Haka idan ruwan yana hawa sandar juyawa maimakon ya yi rami a tsakiya.

Kada a yanke hukunci da ido kawai. Ruwan ƙaro, duk da yauƙinsa a hannu, yakan nuna halin ruwa mara danƙo har zuwa haɗi mai ƙarfi, shi ya sa gyaran na'ura yake masa aiki fiye da yadda ake zato. Sabulun ruwan da aka kauraro da sinadaran ƙara kauri irin su CMC ko Natrosol, da shamfun da gishiri ya ɗaure, su ne akasin haka.

Inda akwai riyomita, na'urar auna kauri da danƙo, a yi gwajin karkarwa a zafin da za a auna dansitin. Fara da neman iyakar motsin da ba ya karya tsarin ruwan, sannan ka bi saurin karkarwar daga ƙarami zuwa inda na'urar ta tsaya. Za ka sami G′ na danƙo da G″ na kauri. Inda layukan biyu suka haɗu, 1/ω na wurin shi ne ƙiyasin λ. Riyomita ta yau da kullum ba ta wuce 100 Hz ba, a ruwa mara kauri sosai ma lambobinta sukan lalace tun kafin nan, saboda haka ba za ta kai ka saurin bututun ba. Alkibla take nunawa: idan G′ yana hawa yana cim ma G″ a ƙarshen gwajin, ka ɗauka bututun yana ganin abu mai danƙo.

Mataki na 3: Tabbatar da na'urar kanta

A kunna ta ta zauna har zafinta ya daidaita. Duba iska, sannan ruwan da aka tace sau biyu aka tafasa don fitar da iska. A 20 °C ya ba da 0.99820 cikin iyakar da mai ƙera ya faɗa. Dansitin iska yana bin matsin sararin wurin: a bakin teku kusan 0.00120 ne, a Jos mai tsayin kusan mita 1,200 yana wajen 0.00104. Na'urar da ba ta da barometa, ma'aunin matsin iska, a ciki sai an shigar mata da matsin ranar da hannu.

Bayan haka a gwada ta da mai mai kauri mara danƙo wanda ke da takardar shaidar dansiti, ɗaya a wajen 100 mPa·s, ɗaya a sama da 500. Wannan ne zai nuna ko gyaran kaurin yana aiki. Gilisarin yana iya tsayawa a madadin wucin gadi, amma yana shan danshin iska, dansitinsa yana sauka daga 1.261 da zarar an bar kwalbar a buɗe.

Mataki na 4: Fitar da iska, a cika a hankali

A nan ne mafi yawan awo yake lalacewa, kuma sau da yawa abin da ake ɗora wa danƙo laifin ƙwayar iska ne. Ƙwaya mai faɗin milimita 1 tana da girman kusan mikrolita 0.5. A cikin mililita 1 wannan ya kai 0.0005 g/cm³, daidai da dukan kuskuren da muke farauta, kuma illarta ta fi yawa idan ta tsaya a lanƙwasar U inda motsi ya fi ƙarfi. Ruwa mai danƙo kuwa riƙe ƙwayoyin iska yake yi, ba ya barin su taso.

Hanya mafi aminci ita ce santirifuj, injin da ke juya samfur da gudu: minti 5 zuwa 10 a matsakaicin gudu cikin bututu mai murfi, muddin babu ƙwayoyin da za su kwanta. Wankan sauti, wato bahon da ke girgiza samfur da sauti, yana fitar da iska, amma in ya daɗe yana tsinka dogayen zaruruwan folima ya kuma ɗumama samfurin, sai ka auna abin da ba shi aka kawo maka ba. Injin zuƙe iska yana tafiya da ruwa da turare, haɗin ya ƙara ƙarfi. Idan da lokaci, bar samfurin a rufe ya kwana.

Samfurin ya kasance daidai da zafin bututun ko ya ɗan fi shi. Wanda aka ciro daga firji aka tura cikin bututu mai 20 °C zai saki iskar da ta narke a cikinsa yana ɗumama, ƙwayoyi su fito bayan ka riga ka duba ka ga babu.

Yi amfani da sirinji mai mililita 2 zuwa 5 ba tare da allura ba. Kada ka zuƙo ruwan da ƙarfi. Cire sandar sirinjin ka zuba ta baya. Tura a hankali ba tsayawa, kamar daƙiƙa 20 zuwa 30, har ya fito ta ɗaya bakin. Bar sirinjin a maƙale, ka ɗauke yatsa daga kansa, domin matsin da ya rage yana canza karatu. Duba bututun ta kyamara ko tagar haske daga baki zuwa baki.

Mataki na 5: Jira, ka karanta lambobi biyu

Na'ura takan ce ta gama da zarar zafi ya daidaita. Ruwa mai danƙo bai gama ba: turawar ta miƙar da zaruruwansa, yogot da fenti kuma tsarinsu ya karye yana sake ginuwa. Rubuta karatun kowane minti har minti 10 ko 15. Idan yana tafiya gefe guda sannan ya tsaya, hucewa ce, ɗauki na ƙarshe. Idan yana ta sauka ba tsayawa, nemi ƙwayar iska. Idan yana ta hawa, wataƙila wani abu yana kwanciya.

Na'urori da dama suna iya nuna dansiti mai gyaran kauri da mara gyara. Rubuta duka biyun. Bambancinsu shi ne abin da na'urar ta cire, kuma shi ne sashen da ba ka da tabbas a kansa. Idan bai kai 0.00005 ba, damuwar kaɗan ce. Idan ya kai 0.0005, to lambar ƙarshe ta rataya a kan zaton da ruwanka bai cika ba. A yi cikawa uku daban-daban, ba karatu uku a cikawa ɗaya ba.

Mataki na 6: Gwada da hanyar da ba ta karkarwa

Wannan ne matakin da ba ya tsallakuwa. Piknomita kwalba ce mai sanannen girma. Ana auna ta a sikeli ruwan yana zaune, don haka danƙo ba shi da ta cewa. Ga abu mai kauri a ɗauki mai faɗin baki irin ta Hubbard, ko kofin ƙarfe na masu fenti da ke cikin ISO 2811-1. Mai siririn rami irin ta Gay-Lussac tana tarko da iska. Mai mililita 50 ta fi, domin ƙwayar iskar nan ta milimita 1 a cikinta 0.00001 kawai za ta ci.

Auna ta fanko a sikeli mai gane miligiram 0.1. Cika da ruwa mai tsabta, sa ta a bahon ruwa mai 20 °C na minti 30, goge, auna. Wanke, busar, cika da samfurin ta gefen bango, maimaita. Lissafin shi ne ρ = (m samfur / m ruwa) × (ρ ruwa − ρ iska) + ρ iska. Misali, ruwa ya ba da giram 49.8500, samfur 51.2000: rabonsu 1.027081, sau 0.99700 ya zama 1.02400, a ƙara 0.00120, amsa 1.02520 g/cm³. Gyaran iskar ƙarami ne ga abin da ya kusa ruwa, amma ga mai dansitin 1.4 barinsa yana kawo kusan 0.0005.

Raunin piknomita zafi ne. Digiri ɗaya yana canza ruwa da kusan 0.0002, mai kuma da kusan 0.0007. A ɗakin da zafinsa ya haura 30 °C, kwalbar da aka ciro daga baho mai 20 °C tana yin gumi a lokacin damina, abin cikinta kuma yana kumbura ya tsattsafo. A daidaita cikar tun tana cikin baho, a rufe, a bar ta ta kai zafin ɗaki kafin a ɗora a sikeli. Inda ƙa'idar aikin ta yarda, auna komai a 25 °C ya fi sauƙin riƙewa.

Haidiromita, ma'aunin da ke yawo a kan ruwa, da hanyar nitsar da dunƙule a auna nauyinsa a cikin ruwan ba su dace da ruwan da sai an matsa masa kafin ya fara gudu ba. Tirjiyar paskal 1 kacal (paskal ma'aunin matsi ne) a jikin ƙwallo mai santimita kiyub 10 tana iya riƙe nauyin da ya kai giram 0.2, wato kuskuren da ya kai 0.02 g/cm³.

Inda babu piknomita mai kyau, akwai dabara ga ruwan folima mara ƙarfi, ƙasa da kashi 1 ko 2 cikin ɗari. Tsarma samfurin da sikeli zuwa rabi, rubu'i da sumuni, ka auna kowanne. Zana 1/ρ a kan kason nauyin folimar. Tsarmammun, da danƙonsu ya ragu, za su hau layi miƙaƙƙe tare da ruwan da aka tsarma da shi. Idan cikakken samfurin ya sauka daga layin, tazarar ƙiyasin kuskuren ce.

Mataki na 7: Abin da za a rubuta a rahoto

Idan bututu da piknomita sun haɗu cikin iyakar rashin tabbas ɗinsu, ci gaba da bututun ga wannan kaya a wannan zafi. Idan bambancin yana maimaituwa a rukuni uku ko fiye na kaya ɗaya, ana iya mayar da shi gyara na dindindin, amma na wannan haɗin ne kaɗai a wannan na'urar kaɗai. An canza mai kawo CMC ko an ƙara gishirin shamfu, sai a sake gwaji. Idan bambancin ba ya tsayawa wuri ɗaya, a bar shi cikin rashin tabbas: tazarar 0.0003 a raba ta da √3 ta ba da 0.00017, a haɗa da sauran, a ninka da 2. Sakamakon da zai fito gurbi huɗu ne, na huɗun ma da shakka, kuma haka ya kamata a rubuta shi, tare da zafi, ƙirar na'ura, lokacin jira, da ko gyaran kauri yana kunne. Mitar auna gudun ruwa irin ta Coriolis da ke kan bututun masana'anta ita ma da karkarwa take gano dansiti, don haka ita ma tana bukatar wannan gwadawa.

Wanke bututu

Folimar da ta bushe a bango nauyi ce da za ta hau kan kowane awo na gaba. Kada a fara da ispirit ko asiton: suna dunƙule zantan, CMC, ƙaro da folimar PVA su manne. A fara da ruwa mai ɗumi da yawa har santsi ya ƙare, ga yogot a bi da sabulun ɗakin gwaji mai narkar da furotin, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, sannan ispirit don busarwa. A hura iska minti 2 zuwa 3. Idan ɗakin ya fi bututun zafi kuma akwai danshi, iskar za ta bar raɓa a ciki, sai a bi da ita ta cikin silika jel mai shanye danshi kafin ta shiga. Karatun iska ya koma inda yake da safe kafin a saka samfur na gaba. In ya haura da fiye da iyakar da aka ɗiba, a sake wankewa, kada a sake saita na'urar a kan datti.